Sunan da Iya Ta Faɗa Sau Ɗaya

Shekarun baya, ina aji uku a jami'a, akwai wani abokina da muke ɗaki ɗaya. Ni ɗan Kankiya ne, shi kuma ɗan Mawashi, can ƙasar Kusada. A makarantar da ta tara mutane daga ko'ina, Katsinanci kaɗai ya isa ya haɗa mutum biyu. Ranar da na ji ya ce wa mai shayi "mi ka ce?" na juya na miƙa masa hannu, tun daga nan muka zama tare.

Na ce tare, amma bari in gaya muku irin taren. Gadonmu mai hawa biyu ne, shi yana sama ina ƙasa. Idan ina son in tambaye shi ko akwai sauran garin kwaki a leda, ba na buɗe baki, rubuta masa nake yi a waya, shi ma ya rubuto amsa. Ina jin gadon yana girgiza idan abin da na tura ya ba shi dariya, ta nan nake sanin ya karanta. Muna iya wuni a haka daga safe har magariba. Lakcar safe kuwa sai dai mu ji labarinta a bakin masu zuwa.

Abokina mutum ne mai ban dariya, kuma a intanet Allah ya ba shi kasuwa. Ya rubuta layi biyu a kan wani malami ko a kan waken da ake sayar mana, kafin ka gama karantawa mutane sun cika wajen. Wannan cikowar ita ta zama abincinsa. Ni ba ni da baiwar, ni ɗan rakiya ne, amma a zaman waya ban bar masa komai ba. Wuyana ya sandare, idanuna kullum ja kamar mai fama da barkono. Shi kuma ciwon kai ne ya aure shi. Yana da ƙwayar ciwon kai a ƙarƙashin matashi, da kan ya sara sai ya ɓalli biyu ya kora da lemon nan na ƙarin kuzari, ya ci gaba da latsa waya. Ruwa kuwa sai ya wuni bai sha ba, don saukowa daga gadon sama aiki ne. Ina ganin wannan kullum, ban taɓa ce masa komai ba. Wani lokacin ma ni nake sayo masa ƙwayar a kemis idan na fita sayen data.

Wata rana wata ɗaliba da ke aikin kammala digiri ta tsare mu a bakin ɗakin karatu da takardar tambayoyi. Cikin tambayoyin akwai wadda ke cewa awa nawa kake yi a intanet a rana, akwai kuma wadda ke cewa yaya kake ganin lafiyarka. Ta farkon mun raba gaskiya biyu mun rubuta rabi. Ta biyun kuwa dukanmu muka zaɓi "ƙalau", ko tsayawa tunani ba mu yi ba. Yarinyar ta dubi abokina, ta ga idanunsa sun faɗa, ta ce, "Malam, ka tabbata?"

Ya ɗaga mata wayarsa ya ce, "Hajiya, muddin ina iya riƙe wannan, lahiyata lau."

Muka yi ta dariya. Har ya je ya rubuta abin a shafinsa, mutane suka taya mu. Ni dai yau idan na tuna maganar nan sai in ga ashe ba wasa yake ba. Ma'auninsa ke nan, kuma nawa ke nan.

Sau ɗaya na taɓa zuwa gidansu kafin abin ya faru, wani hutun ƙaramar Sallah. Gidan manoma ne, rumbu uku a tsakar gida, tumaki a ɗaure a gindin bishiyar bedi. Mahaifiyarsa, da 'yan gidan ke kira Iya, ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta kawo mini fura, ta tambayi mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya. Amma shi ɗan nata ko kallon inda yake ba ta yi ba. Da za ta ce a ba shi abinci sai ta ce wa ƙanwarsa, "Miƙa ma wancan." Shi ne ɗanta na fari, ita kuma irin matan da ne masu tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ko wani mai irin sunansa ne ya zo wucewa, sai ta nemo masa laƙabi.

Da muka fito ya ce mini, "Ka ga tsohuwar nan? Tun da anka haihe ni ban taɓa jin sunana ga bakinta ba. Ina jin ta manta shi." Ya faɗa yana dariya, amma na lura ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakinta.

To, sai malamai suka shiga yajin aiki, irin mai tsawon nan da ba a san ranar komawa ba. Muka tattara muka dawo gida a farkon damina. Na sauka a Kankiya, shi ya hau mashin ya wuce Mawashi. Tsakaninmu tafiyar da ba ta fi awa guda ba. Muka yi alkawarin ziyartar juna kowane mako, alkawarin da ko sau ɗaya ba mu cika ba. Ina dalilin hawa mashin ka sha jijjiga, alhali ga mutum a tafin hannunka? Ya sayi ƙaramar sola don caji, ya gano cewa sabis ya fi kamawa a gindin tagar ɗakinsa, shi ke nan ya kafa sansani a wurin. Ni ma na kafa nawa a ɗakin zaure. Mahaifina da yayyena suna gona, ni ina kwance, wai ɗan jami'a ne, rana ba ta yi mini. Mahaifiyata kan leƙo ta ce, "Kai, wagga waya ita ta haihe ka?" In yi murmushi ba tare da na ɗago kai ba.

Wata ranar kasuwa da yamma, wata mata mai sayar da daddawa ta yi sallama a gidanmu. 'Yar Mawashi ce, maƙwabciyar su abokina, ta saba kawo wa mahaifiyata daddawa. Ranar ba ciniki ya kawo ta ba. Aka kira ni tsakar gida, na fito da waya a hannu. Bayan gaisuwa ta ce, "Iya ta aiko ni gare ka. Ta ce don Allah ka taho ka duba..." sai ta faɗi sunan abokina. "Ta ce ba shi da lahiya, kuma ba ya jin maganar kowa. Ta ce kai ɗan makaranta ne irin shi, ƙila shi ji taka."

Mahaifiyata tana tankaɗe, sai na ga ta ajiye rariya. Ta ce, "Tsaya. Ita ta hwaɗi sunan, ko ke kika sa?"

Matar ta ce, "Wallahi da bakinta. Ni ma sai da gabana ya hwaɗi."

Mahaifiyata ta yi salati. Ta juyo gare ni ta ce, "Gobe da sassahe ka tai Mawashi."

Ni kuwa a lokacin babban yatsana ya riga ya buɗe waya. Ga ɗan koren ɗigon nan a jikin hotonsa, yana kan layi. Minti goma da suka wuce ya saka wani barkwanci a kan yajin aiki, mutane na ta dariya a ƙasa. Na rubuta masa, "An ce ba ka da lafiya?" Nan take ya amso, "Wa ya ce? Ƙafa ce ta ɗan kumbura. Tsofaffin gidanmu ne da tsoro. Garau nake."

Na juya wayar na nuna wa mahaifiyata. "Inna, ga shi nan muna magana. Lahiyarshi lau."

Ta dubi gilashin wayar, ta dube ni. Ta ce, "Ni ban ga kowa ba."

Na yi dariya, wallahi na yi dariya, irin dariyar mai ilimi idan ya ji maganar wanda bai je makaranta ba. Ta ce, "Matar da ba ta taɓa kiran sunan ɗanta ba ta kira shi gaban baƙuwa. Kai ba ka san abin da ake nuhi ba?" Na ce na sani, zan je. Kuma na sani ɗin, shi ne abin haushin. Ba a turai aka haife ni ba, a cikin al'adar nan na tashi, na kuma ga Iya da idona. Amma a kaina koren ɗigo ya fi bakin Iya nauyi.

Washegari mahaifiyata ta sa aka sayo lemon zaƙi, ta haɗa da ƙuli-ƙuli da kwalbar zuma, ta ƙulle a leda ta rataye a ƙusar ƙofar ɗakina, kayan dubiya. Ranar aka tashi da hadari, na ce sai ruwa ya ɗauke. Ruwa ya ɗauke, na ce hanya ta yi caɓi. Kashegari aka yi wata rigima a intanet tsakanin wasu mutane biyu da ban taɓa gani ba, na wuni ina bin ta, shi ma abokina yana ciki tsundum. Kwana ya zama mako. Ledar tana rataye, kullum sai na sunkuya ta ƙarƙashinta in zan fita. Lemon ya fara yamutsewa. Don in cika muku rashin kunyata, guda biyu ni na shanye su, wai kada su lalace.

A cikin mako na biyu ya turo hoton ƙafarsa a guruf ɗinmu na 'yan aji. Ta kumbura sumtum, ya danna yatsa ya bar rami a jiki, ya rubuta a ƙasa cewa takalminsa ya shiga yajin aiki shi ma. Guruf ya kaure da dariya. Nan take muka zama likitoci. Wani ya ce yawan zama ne, ya ɗora ta a kan matashi. Wata ta ce ta karanta cewa tafarnuwa da ruwan ɗumi suna saukar da kumburi. Shi da kansa ya ce ya bincika a intanet, ba wani abu ba ne, gishiri ne ya yi masa yawa. Ni me na rubuta? Fuskar dariya guda uku, da "Sarkin ƙafa, Allah ya ja zamaninka." Yana nan har yau, ban goge ba. Na bar shi ne don in riƙa gani.

Mahaifiyata ta yi magana har ta gaji. Daga baya ta daina, sai dai in ta zo wucewa ta dubi ledar, ta dube ni, ta wuce. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ana cikin mako na uku koren ɗigon ya ɓace. Safiya ta yi ban gan shi ba, na ce solarsa ce ta samu matsala. Yamma ta yi shiru. Kwana biyu ba barkwanci, ba amsa. A nan ne hankalina ya tashi. Ku duba fa, uwa ta aiko ban motsa ba, amma ɗigo ya ɓace na kasa cin abinci. A rana ta uku da hantsi na yi abin da na yi watanni ban yi ba, na danna lambarsa na kira shi da murya.

Mahaifinsa ne ya ɗauka. Muryarsa a natse, kamar mai ba da labarin gona. Ya ce shekaranjiya suka same shi ba ya gane mutane, suka ɗauko shi a mota zuwa asibiti a Kankiya. A Kankiya, garinmu, inda daga ƙofar gidanmu da ƙafa ake zuwa. Daga nan aka tura su Katsina. Ya ce, "Yau da sahe Allah ya karɓi abinshi. Muna bisa hanya. In an yi azahar za a yi sutura."

Zan so in ce muku na jefar da wayar na fita da gudu. Ba haka aka yi ba. Na zauna a bakin katifa ina kuka, kuma hannuna yana neman hotonsa. Na ga ai ni ne babban abokinsa, bai kamata wani ya riga ni sanarwa ba. Na zaɓi hoto, na canja, na sake zaɓa. Na rubuta ta'aziyya na goge, na sake rubutawa, har da cewa na yi rashin ɗan'uwa wanda ba mu taɓa rabuwa ba. Na saka. Sai tsokaci ya fara zubowa, na tsaya ina amsa "amin" ɗaya bayan ɗaya. Kiran sallar azahar ne ya farkar da ni. Ku da kuka san garuruwanmu kun san gawa ba ta jiran kowa. Kafin in sami mashin, kafin mu ratsa hanya, na isa Mawashi na tarar mutane suna dawowa daga maƙabarta, suna wanke ƙafa a ƙofar gida.

Cikin dubban da suke dariyar barkwancinsa, mu huɗu ne 'yan makarantarmu muka zo, ni ne na ƙarshen isowa, ni da na fi kowa kusa. Waɗanda suka ɗauki makararsa manoma ne da ba su taɓa karanta layi ɗaya da ya rubuta ba.

Mahaifinsa ya zaunar da ni kusa da shi a tabarma. Ya ce likita ya gaya musu ƙoda ce ta daina aiki, ya kuma tambaye su wane magani yaron yake yawan sha, da dalilin da ya sa ba a kawo shi tun da wuri ba. Tsohon ya buɗe hannuwa ya ce, "Mun yi, mun yi, shi tai asibiti. Sai shi ce ya duba ga waya, ba komi ba ne. To shi ad da boko cikin gidan ga. Mu mi munka sani?" Bai faɗa da zargi ba. Ya ce a kai ni in ga ɗakinsa. Tabarma ce a gindin taga, da matashi, da igiyar caji ta sauko daga sola. An share ɗakin, an tara sharar a lungu ba a kwashe ba, rabinta fankon ƙwayar ciwon kai ne. Ƙanwarsa ta ce mini kwana goma na ƙarshe ko bayi sai an riƙa shi, amma wayar tana kan ƙirjinsa. Wato duk barkwancin da nake karantawa ina cewa garau yake, a kwance ya rubuta su, da ɗan ƙarfin da ya rage masa a yatsa ɗaya.

Ina shirin tafiya aka ce Iya tana kirana. Na shiga cikin gida. Mata sun cika tsakar gida, ita tana can gefe a bakin ɗakinta, idonta a bushe, don ko a ranar kunyar ba ta bar ta ta yi kuka a gaban mutane ba. Na durƙusa na ce, "Iya, ya haƙuri?"

Ta ce, "Haƙuri sai ma'aiki. Ya mutanen gida? Ya innarka?"

Na ce suna lafiya. Ta ja bakin zanenta. Sannan ta ce, a hankali yadda matan ba za su ji ba, "Saƙona bai ishe ka ba?"

Ga ƙofar ƙarya a buɗe. Da na ce mai daddawa ba ta same ni ba, da ta karɓa, ko don ta sauƙaƙa mini. Na kasa. Na ce, "Ya ishe ni, Iya."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Shekara ashirin da ukku ban kira sunan nan ba. Sau guda na kira shi, don ka taho. Ba komi. Kwana ne ya ƙare. Allah shi yi maka albarka, ka gaida innarka."

Shi ke nan abin da ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta sake kallona ba.

Da na dawo gida ledar tana nan a ƙusa. Mahaifiyata ta zo ta sauke ta da hannunta, ta zubar da lemon, ta mayar da zumar ɗaki. Har yau ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Na san abin da za ku rubuta mini a ƙasa, an sha gaya mini. Ajali ne, ko na je ba zan ƙara masa kwana ba. Na yi imani da haka. Kuma ban sani ba ko da na je zai ji maganata, don taurin kansa na san shi. Amma ba a tambaye ni in ƙara masa kwana ba. Cewa aka yi in zo in duba shi, in ga ƙafar da idona, in ji yadda numfashinsa yake, in ce masa tashi mu tafi, in ya ƙi in kira mai mota. Abin da ake nufi da dubiya ke nan tun kafin a haife mu, shi ya sa ba a aika ta. Ni na tambayi marar lafiya ta waya ya ce garau yake, na karɓa, don amsar ta yi mini daɗi, ba sai na tashi daga katifa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu ne masu ilimin. An sayar da hatsi an kai mu jami'a, muka dawo ba mu san bambancin mai lafiya da mai data ba. Matar da ko sunanta ba ta iya rubutawa ta gane ɗanta yana tafiya, daga nesa, ba tare da ta kalle shi kai tsaye ba. Mu muka ga hoton ƙafarsa ƙuru-ƙuru muka yi dariya.

Ban zama waliyyi ba bayan haka. Ga shi a waya nake ba ku labarin, ku ma a waya kuke karantawa, wataƙila a kwance, wuya a sandare. Na dai je asibiti an duba ni da muka koma makaranta, na daina sayen ƙwayar nan, kuma idan aka ce mini wane ba shi da lafiya ba na buɗe waya in ga ko yana kan layi, takalmi nake nema. Ɗan abin da na iya ke nan, kuma bai biya komai ba.

Kowace Sallah ina zuwa Mawashi in gaida Iya. Tana kawo mini fura, tana tambayar mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ta yi ranar farko. Mukan yi hirar damina da tsadar taki. Idan magana ta biyo ta kansa, "wancan" take cewa. Sunan bai sake fitowa daga bakinta ba. Sau ɗayan nan da ta iya, a kaina ta kashe shi.